Masu kalangun da muka ɗauko bikin ƙanwata a Agege, daɗinsu da haushinsu

Tun ranar da na ɗora ɗan bidiyon rawar da aka yi a bikin ƙanwata mutane suke ta bina ta WhatsApp, wai su waye masu kiɗan, nawa suka karɓa, suna zuwa Alaba Rago, suna zuwa Ikorodu? To na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta, mai daɗi da mara daɗi, don wallahi ba komai ne ya min yadda nake so ba. Sunansu dai ba zan sa ba tunda akwai ƙorafi a ciki, kuma babbansu ya haife ni, ba zan tozarta dattijo a bainar jama'a ba. Mai so ya same ni ta gefe.

Gaskiya ni da farko ban so a ɗauko su ba, DJ na yi niyya, har na yi magana da wani yaro a Ikeja mun tsayar da kuɗi. Inna ce ta ce atafau, wai ita autarta ba za a yi wuninta da kiɗan kwamfuta ba, kalangu aka kaɗa mata ranar nata auren kuma kalangu za a kaɗa wa 'yarta. Marigayi babanmu mahauci ne, a abbatuwar Oko-Oba ya yi rayuwarsa har Allah Ya karɓi abinsa, kuma duk Bahaushe ya san kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, su da 'yan dambe. Na ce Inna a Legas ɗin nan ina zan samo miki masu kalangu na kirki? Ta kalle ni ta ce kai da aka haifa a Agege ba ka san Idi-Araba ba? Ashe ita ta riga ta aika, ni kawai biya ne nawa.

Gida ɗaya ne su duka. Akwai Baba, tsoho ne sosai, ya ba saba'in baya, shi ne mai waƙa kuma har yanzu yana rataya kalangu in abin ya motsa masa. Akwai 'ya'yansa biyu, babban shi ke riƙe da babban kalangu kuma shi ake ciniki da shi, ƙaramin yana goga kukuma wani lokacin kuma ya koma fiyano (zan dawo kan fiyanon nan, don ta ci min rai). Sai jikansa saurayi, bai wuce 19 ko 20 ba, da wani ɗan ƙaramin jika mai kamar shekara 10 da aka rataya wa kuntuku. Sai ƙanin Baba wanda shi ne sanƙira. Baba ya ce min shi daga wajen Ƙaura Namoda ya taso, jirgin ƙasa ya hau, kuma ya shigo Ikko ne shekarar FESTAC, wato 1977, lokacin da garin ya cika da makaɗa da 'yan rawa na ƙasashe daban-daban, ya zo da niyyar wata biyu, gashi nan har jikoki. Wai ubansa ma makaɗi ne, kakansa ma haka, su ba su san wata sana'a ba.

Cinikin dai da babban ɗan muka yi a wani shagon shayi a Idi-Araba. Ya fara da naira dubu 250, na ce haba Malam sai ka ce zan sayi kalangun gaba ɗaya, muka yi ta ja har muka sauka dubu 180, ban da kuɗin mota dubu 25, kuma duk abin da aka liƙa nasu ne. Na ba da kafin alƙalami dubu 80 ta tiransifa. Muka yi za su zo mutum shida, su fara ƙarfe 2 na rana su tashi kafin isha'i. Ku riƙe wannan, mutum shida, ƙarfe 2.

Ranar Asabar ɗin an kafa kanofi a layinmu tun safe, an jera kujerun roba, mata sun sha anko sun zauna. Ƙarfe 2 shiru. Ƙarfe 3 na kira, ya ce gamu nan Oshodi. Uku da rabi na kira, ya ce gamu nan mun kusa fita Oshodi. Duk wanda ya zauna Legas ya san in mutum ya ce maka yana Oshodi to Allah kaɗai Ya san inda yake, yana iya yiwuwa ma bai gama wanka ba. Na san hanyar, daga Idi-Araba ka ratso Mushin ka faɗo Oshodi ka miƙe ta Ikeja Along zuwa Agege, ran Asabar da rana goslo ne ba na wasa ba, kuma tun da aka hana acaɓa a wajen Mushin a 2022 babu batun a ɗare babur a yanke. Amma ai su ma sun san haka, sun fi ni daɗewa a garin, me ya hana su fito da wuri? Sai huɗu da kwata danfo ta sauke su, kuma ba mutum shida ba, tara suka fito, wai sauran 'yan amshi ne da mai ɗaukar kaya. Abincin da aka ware musu na mutum shida ne, sai da aka koma kicin aka yi ta lalube. Raina a ɓace yake, ga dangin ango sun fara kallon agogo, ga Inna tana ta harara ta kamar ni na hana su zuwa.

Na je zan yi faɗa, Baba ya riƙo hannuna da hannu biyu ya ce yi haƙuri ɗana, laifinmu ne, ba na hanya ba. Shikenan ya kashe min baki. Ya kake faɗa da tsohon da ya amsa laifi kafin ka buɗe baki?

Kuma ko da suka iso ba su fara nan take ba. Sun ce a ba su garwashi. Na ce garwashi kuma? Aka ɗebo musu daga wajen masu dafa shinkafa a cikin wani tsohon kwano, sai na ga jikan saurayin ya tsuguna yana kara bakin kalangu kusa da wutar, yana juyawa a hankali, ya shafa da tafin hannu, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ya kai kunne, ya sake karawa. Na tambaye shi, ya ce Yaya iskar Legas ce, danshi ya yi yawa, fata tana saki, in ba a gasa ta ba sautin sai ya fito kamar ana dukan katifa. Wai a Arewa lokacin hunturu kishiyar haka ake fama da ita, fatar ta bushe har ta nemi fashewa. Shi kuma mai kukuma yana gefe yana goga ƙaro a jikin izgar, ya ja sau biyu ya ɓata fuska ya ƙara gogawa. Wannan ya ci wajen minti 15, ni ina tsaye ina cizon yatsa.

Sai babban ɗan ya saɓa kalangu a hammata ya matse tsarkiyoyin ya saki, ya buga sau uku kawai. Wallahi hayaniyar matan nan sai ta ɗauke ɗif. Abin da ya fara kaɗawa taken mahauta ne, ban ma san na san shi ba sai da na ji tsigar jikina ta tashi, ashe tun ina yaro yana cikin kunnena. Baba ya miƙe a hankali, ya gyara babbar rigarsa, bai ɗauki makirfo ba, ya tako har gaban Inna ya tsaya, sai ya fara kiran sunan babanmu da laƙabin da abokan sana'arsa kawai suke kiransa da shi, laƙabin da ni kaina rabon da in ji shi tun ranar sadakar bakwai. Ya ambaci garinsu, ya ambaci uban gidan da ya koya masa fawa, ya ambaci wata shekara da aka yi tsadar shanu babanmu ya riƙa ba mutane nama bashi da azumi. Ni ban ba shi labarin nan ba, Inna ma ta rantse ba ta ba shi ba, ashe ya san babanmu tun suna samari, ya sha yi musu kiɗa a Oko-Oba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ƙawayenta biyu suka riƙe ta, amarya da aka ce kar ta yi kuka saboda kwalliya ta ɓata kwalliyar dubu 40 a minti biyu. Ni kuma na juya na yi kamar ina duba janareto.

To a nan na gane abin da na biya. DJ zai sa maka waƙar da kowa ya sani, amma bai san kowa ba. Su waɗannan kafin su fara sai da sanƙiran ya zagaya ya tambayi wace ce gwaggon amarya, wace ce uwar ɗaki, dangin ango 'yan ina ne, kuma duk wadda aka kira sai an haɗa ta da garinsu da sana'ar gidansu. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Balogun da ta zauna tun rana tana ta danna waya, ana ambato Zariya da unguwarsu sai gata a tsakiyar fili.

Abin da ya fi burge ni kuwa yadda suke magana da juna ba tare da baki ba. Muryar Baba ta tsufa, wannan ba ɓoyayyen abu bane, in ya ja baiti mai tsawo numfashi yana yanke masa. Amma kafin ka ankara babban ɗan ya cike gurbin da kalangu, ya faɗi sauran maganar da ganga, 'yan amshi su ɗauka, Baba ya huta ya dawo, kai da kake kallo sai ka ɗauka haka aka tsara. Shi kuma ɗan ƙaramin mai kuntuku sau biyu yana gudu ya wuce kiɗan, zumuɗi ya ɗebe shi ganin ana ɗaukarsa a waya, kakan ko juyowa bai yi ba, ƙafa kawai ya buga a ƙasa sau ɗaya, yaron ya dawo layi yana sunkuyar da kai. Daga baya na ga Baba ya ciro alewa daga aljihu ya miƙa masa ta baya, yana waƙarsa bai tsaya ba.

Wajen biyar da wani abu jirgin ƙasan nan na Ibadan da ya fara aiki a 2021 ya zo wucewa, gidanmu ba nisa da layin dogo, in ya danna hon ɗinsa ko kiran waya ba ka ji. Na ce shikenan ya ɓata musu. Sai jikan saurayi ya bari ya gama, ya kwaikwayi kukan jirgin da kalangu, ya matse ya saki a hankali kamar jirgi yana nisa, wuri ya kaure da dariya, Baba kuma nan take ya ɗora baiti a kan jirgin da ya kawo shi Ikko da ɗan buhunsa. Ba shiri, ba komai.

Yaron nan dai shi ne na gaba a gidan, ko kawunnansa sun so ko ba su so ba. Haihuwar Legas ne, in yana magana da abokansa Yarabanci da burokin yake zubawa kamar ba Bahaushe ba, amma in ya buɗe baki zai yi amshi Zamfarci ne tsantsa irin na kakansa, har da su "shina" da "mi kaka so". Maƙwabtanmu Yarabawa sun zo da yawa, ciki har da matar mai gidan da muke haya wadda ta riƙe amarya tun tana jaririya, muna ce mata Mama. Suna zaune suna kallo cikin ladabi amma ka san kiɗan bai shige su ba. Sai yaron ya matsa gabansu ya juya hannu ya koma salon gangan, irin gangar Yarabawa mai magana, ai 'yar uwar kalangu ce, ƙira ɗaya, matsewa ɗaya. Ban san me ya faɗa mata da gangar ba don Yarabancina bai kai nan ba, amma Mama ta yi ihu ta dafe ƙirji ta miƙe ta gyara ɗaurin kanta, sauran suka biyo ta, sai ga Hausawa da Yarabawa a fili ɗaya ana ta juyi. Wannan shi ne bidiyon da kuka gani.

Yanzu bari in koma kan abin haushi, don kar ku ce an biya ni.

Sifikarsu banza ce. Wata tsohuwa ce da aka ɗaure da waya, makirfo ɗin kuma da an kusanto da shi sai ya yi ƙara mai huda kunne, jarirai su fashe da kuka. Ga fiyanon da na ce zan dawo kanta. Ƙaramin ɗan Baba shi a dole sai an zamanantar, bayan la'asar ya ajiye kukuma ya jona fiyano ya saki wani kiɗan Indiya-Indiya mai ganga a ciki, ya ƙure sauti, sai ya zamana kalangu uku ana dukansu amma ba ka jin komai sai tin-tin-tin ɗin inji. In wannan nake so ai da na bar yaron Ikeja ya zo, ya fi shi iyawa kuma ya fi araha. Na lura Baba ma ya koma ya zauna yana cin goro, bai ce komai ba amma fuskarsa ta faɗa. Abin mamaki jikan, wanda shi za ka zata zai so na zamani, shi ya zo ya raɗa min, Yaya don Allah kai ka ce a kashe, in ni na faɗa Kawu zai ce na raina shi. Na je na ce Malam a taimaka a dawo da kukuma, Inna ce ta ce. Ya kashe amma da ƙyar, ya yi kusan rabin awa yana gogawa fuska a murtuke. Kuma kukumar tasa ta fi fiyanon daɗi nesa ba kusa ba, hannunsa yana da zaƙi, ban san me ya sa yake gudunta ba.

Sai sanƙira. Na san roƙo sana'arsa ce, kuma biki ba maroƙi ai lami ne, amma komai yana da iyaka. Mutumin nan in ya kafa maka ido ba ya sakinka. Akwai wani yayan ango da ya zo daga Mile 12, mutum mai kunya, ya ba da dubu 5 ya koma ya zauna, sanƙira ya bi shi har kujera yana cewa wai mai tirelar albasa ba ya ba da kuɗin cefane, a makirfo fa, gaban surukai. Mutumin ya ƙara amma na ga ransa bai so ba, kuma bai jima ba ya tafi. Daga baya sai da na kira shi na ba shi haƙuri. Na faɗa wa babban ɗan, ya ce wallahi sun sha yi masa magana, amma ƙanin ubansu ne, ba yadda za su yi da shi. To wannan matsalar gida ɗaya kenan, wanda ya yi ba daidai ba ba a iya korarsa.

Batun liƙi kuwa sun zo da tsarinsu, kuma na yaba. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wajen biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun, da ba wanda ya damu, amma tun da EFCC ta tsananta kai mutane kotu a 2024 kowa ya shiga taitayinsa, balle yanzu da komai sai an ɗauka a waya an watsa. Su wata babbar ƙwarya suka ajiye a tsakiya, ka zo ka saka abinka a ciki. Ga kuma kwali da jikan ya rubuta lambar akawun da alƙalamin maka ya jingina a jikin sifika, wayar tana hannun sanƙira, alat na shigowa zai daka tsalle ya sanar. Wata ƙawar amarya ta tura dubu 2 ya karanta dubu 20, aka yi ta guɗa, ita kuma ta yi shiru ta karɓi kirarinta. Tsofaffin mata dai ba su yarda ba, sun ce kuɗin da bai taɓa goshin makaɗi ba bai isa ba, sai su manna wa Baba a hula sannan su jefa a ƙwarya.

Wani abu da ba sai an faɗa musu ba, ana kiran magariba suka ajiye kaya tun ladan bai gama kabbarar farko ba, suka yi alwala da butocinmu suka bi jam'i a masallacin layi. Bayan sallah suka yi kamar minti 40 suka rufe, don na riga na gaya musu ba na son maƙwabta su kai ƙara, a Legas hukumar kare muhalli ta LASEPA ba ta wasa da batun hayaniya, masallaci da coci ma rufewa take balle kanofin biki. Tunda sun makara awa biyu da kwata na so in rage musu kuɗi, har na shirya maganar a bakina, sai Inna ta aiko a kira ni ta ce in na rage ko sisi ba ta yafe ba. Na cika musu dubu 100 ɗinsu cif.

In za ku ɗauke su ga shawarata. Ku ce musu taron ƙarfe 12 ne in kuna son su fara 2, ko ma ku tura mota ta ɗauko su, ya fi kwanciyar hankali. Ku yi hayar sifika da makirfo naku daban, ku ce kar su zo da nasu, kuma tun wajen ciniki ku faɗa ƙarara ba fiyano. Ku dafa abincin mutum goma ko sun ce muku shida ne. Baba ba ya shan ruwan sanyi ko lemo in zai yi waƙa, shayi mai citta yake so da farin goro, mu ba mu sani ba sai da aka aika yaro da gudu wajen mai shayin bakin titi. Sanƙira kuma ku ja shi gefe tun farko ku sallame shi da wani abu, ku nuna masa mutanen da ba a taɓawa. Sannan in taronku na 'yan mata ne zalla masu son rawar TikTok to kar ku wahalar da tsoho, ba wajensa bane. Amma in akwai iyaye da kakanni a wurin, musamman waɗanda suka baro gida da daɗewa, ni dai ban ga abin da zai kama ƙafarsu ba a kuɗin nan.

Da za su tafi na raka su bakin titi wajen gadar Pen Cinema muna jiran danfo, ɗan ƙaramin ya yi barci a kafaɗar yayansa da kuntukun a wuyansa ba a cire ba. Na tambayi Baba ko yana komawa Ƙaura, ya ce rabonsa da can shekara shida, hanya ta lalace da 'yan bindiga kuma waɗanda ya sani duk sun ƙare. Ya ce in gaida Inna, in ce mata in Allah Ya kawo rabo ranar suna kar a neme shi da kuɗin mota, shi zai kawo kansa. Na faɗa mata, ta ce to in rubuta lambar babban ɗan a bangon ɗakinta kusa da ta mai gas, wai waya ɓata take.